KAMA DA WANE BA TA WANE: Malam-buɗe-littafi mai shigar busasshen ganye

 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani ɗan'uwa daga Mahuta, can yankin noma na Funtua da Malumfashi, ma'aikacin gwamnati ne mai taɓa noma. Tambayarsa kashi biyu ce. Ta farko, ya ce tun da kaka ta yi, in ya shiga ƙarƙashin mangwaron da ke bakin fadamarsa sai ya ga busasshen ganye ya zabura daga ƙasa ya tashi, ya yi tsalle biyu ko uku cikin iska, ya sake faɗawa cikin ganyaye, in ya bi ya duba ba ya ganin kome. Yana so ya san ko wace irin halitta ce wannan. Ta biyu kuwa, da damina ya ga wata koriyar tsutsa mai ƙaho biyu a kan ganyen shinkafarsa, wani mai sayar da maganin ƙwari ya ce masa ai ita ce tsutsar nan mai cinye masara, ya sayi magani ya yi feshi. Yana tambaya ko daidai ya yi.

To, Malam, bisa ga siffofin da ka bayar, tambayoyin nan naka biyu amsarsu ɗaya ce, domin ganyen da ke tashi da tsutsar mai ƙaho halitta ɗaya ce a matakai biyu na rayuwarta. Kada kuma wani ya ga kamar zancen ƙwaro bai dace da wannan fili ba. Surori uku na Alƙur'ani mai girma suna ɗauke da sunayen ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Malam Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan tun ƙarni na tara na Miladiyya, Shaihu Damiri na Masar kuma, wanda ya rasu a 1405, ya bar mana Hayatul Hayawan, wanda malamanmu na zaure suka sani sarai. Ashe ke nan ba mu muka fara ba.

SUNANSA DA SIFFARSA

Bahaushe ya haɗa dukan dangin nan da suna ɗaya, watau malam-buɗe-littafi, saboda yadda yakan sauka ya riƙa buɗe fikafikansa yana rufewa kamar mai juya warƙa. Amma dangin suna da yawa ƙwarai. Wani masani mutumin Denmak, Torben Larsen, ya fitar da babban littafi a 2005 a kan na Afirka ta Yamma kawai, ya lissafta iri kusan 1,500, fiye da dubu daga cikinsu kuwa ana samunsu a Nijeriya. Wanda ake magana a kansa yau masana na kiransa Melanitis leda. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, shi ya fara shigar da shi littafi a 1758. Ana samunsa tun daga ƙasashenmu na Afirka, a bi ta Indiya da gabashin Asiya, har Ostireliya.

Ga alamomin da za a duba kafin a yanke hukunci cewa shi ne.

Na ɗaya, lokacin fitowarsa. Yawancin danginsa 'yan rana ne, hantsi ke fito da su bin furanni. Shi kuwa yini yake yi kwance cikin inuwa, sai la'asar sakaliya zuwa magariba, da kuma sassafe, yake kai-kawo. Shi ne wannan mai ruwan ƙasa-ƙasa da yakan biyo fitila ya shigo zaure ko masallaci da almuru ya lafe a bango.

Na biyu, girmansa. In ya shimfiɗa fikafikai faɗinsu yakan kai santimita 6 zuwa 8, watau kamar tsawon ɗan yatsan babban mutum.

Na uku, cikin littafin, watau saman fikafikai. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kusa da ƙarshen kowane fiffike na gaba akwai baƙin tabo mai fararen ɗigo biyu, da ruwan goro a gefensa. Ba kasafai yake barin a ga wannan ba. Malami ne da ba ya son buɗe littafinsa, domin buɗewar ita ke tona masa asiri. Yana da wani ɗan'uwa a dazuzzukanmu, Melanitis libya, wanda fararen ɗigonsa sun fi girma kuma shuɗi-shuɗi ya kewaye su.

Na huɗu, bangon littafin, watau ƙarƙashin fikafikai, wanda shi ake gani in ya sauka ya haɗe su a tsaye. A nan kamar take. Bakin fiffiken gaba ya lanƙwashe ya yi tsini, na baya yana da ɗan guntun wutsiya, launin kuwa na ganyen da ya bushe ne, da ratsi-ratsi masu duhu da ɗige-ɗige irin na ganyen da ya fara ruɓewa.

Na biyar, tafiyarsa. In an tashe shi ba ya nisa. Yakan yi fizge-fizge ƙasa-ƙasa, ya faɗa cikin busassun ganyaye, ya rufe fikafikai nan take, sau da yawa har ya ɗan kishingiɗa gefe guda yadda ganyen da ya faɗo yake kwanciya.

Na shida, ƙafafunsa. Kowane ƙwaro ƙafa shida gare shi, amma shi in ka lura a kan huɗu yake tsaye, biyun gaba ƙanana ne ya naɗe su a ƙirji. Gashin kansa guda biyu kuma sirara ne masu ɗan kauri a ƙarshe. Wannan, tare da yadda yake haɗe fikafikai a tsaye, shi ke raba shi da ƙwarin dare masu faɗawa fitila, waɗanda yawancinsu shimfiɗa fikafikai suke yi ko su lulluɓe jikinsu da su.

RIGAR DAMINA DA RIGAR RANI

Abin da ya fi ba da sha'awa a sha'aninsa shi ne riga biyu gare shi. Wanda aka ƙyanƙyashe da damina ba ya kama da ganye sosai. Ƙarƙashin fikafikansa toka-toka ne mai siraran zane, da jerin zagayayyun tabo a gefe, baƙi a ciki, ruwan ɗorawa a kewaye, da farin ɗigo a tsakiya, kamar idanu. Wanda ya fito bayan ɗaukewar ruwa kuwa, idanun nan sun shafe ko sun koma 'yan ɗigo, fikafikan sun ƙara tsini, launin ya koma na busasshen ganye. Na ranin nan da wuya ka sami biyu masu zane iri ɗaya. Wani jaja-jaja ne, wani toka-toka, wani kamar wuta ta lashe shi, daidai da yadda ganyayen da ke zube gindin itace ba su zama launi guda.

Bambancin ya kai har masanan farko suka ɗauka iri biyu ne, suka ba na ranin suna dabam, suna ce masa ismene. Sai a shekarun 1880 wani masani a birnin Kalkata na Indiya, Lionel de Nicéville, ya yi kiwonsu tun daga ƙwai, ya tabbatar da cewa uwa mai rigar damina takan haifi 'ya'ya masu rigar rani. Ya kamata a gane cewa ƙwaro ɗaya ba ya sake riga kamar hawainiya. Da rigar da ya fito da ita zai mutu. Ana yanka masa ita ne tun yana tsutsa, gwargwadon yanayin da ya tarar. An gwada wannan a kan wani ɗan'uwansa ƙarami, Bicyclus anynana, wanda aka ɗebo daga Malawi aka yi kiwonsa shekara da shekaru a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Tsutsar da aka rena cikin ɗumi, wajen awo 27 na ma'aunin zafi, sai ta fito da manyan idanu, wadda aka rena cikin sanyi, wajen awo 20 ko ƙasa da haka, sai ta fito da rigar rani. Wanda ya san daren Funtua a watan Nuwamba, sa'ad da hunturu ya fara busawa, ya san inda tsutsarmu take samun labari. Raguwar laima da tsufan ciyawar da take ci su ma suna da hannu a ciki.

To, mene ne amfanin riga biyu? Da damina ƙasa kore ce, abinci ya wadata, ƙwaron yana ta kai-kawon neman abokin aure da wurin saka ƙwai, ba shi da halin ɓuya. Saboda haka aka ba shi idanun ƙarya a gefen fiffike, nesa da kai da ciki. Maƙiyi in ya kawo sara sai ya nufi idon, ya tashi da guntun fiffike, mai shi ya tsira da ransa. An nuna haka a wani gwaji da aka buga a 2015, inda aka haɗa Bicyclus ɗin nan da ƙoƙi-ƙoƙi: masu manyan idanu sun fi kuɓuta, domin ƙoƙi-ƙoƙin yakan kai hari gefen fiffike. Shi ya sa in ka duba na damina za ka sha ganin masu yagaggen gefe suna tashi lafiya lau. Da rani kuwa al'amari ya juya. Ciyawa ta bushe, ba abin da tsutsa za ta ci, sai ya rage motsi, ya jinkirta ƙwai, ya lafe cikin ganyaye yana jiran ruwa. A wannan hali zagayayyen ido a tsakiyar busassun ganyaye talla ce ga zabo da ƙadangare. Maganinsa kawai ya zama ganye.

Akwai bambanci tsakanin ɓuya da shigar burtu. Mai ɓuya so yake kada a gan shi sam. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya duƙa, ya san namun daji suna ganinsa, abin da yake so su ɗauka tsuntsu ne. Haka wannan ƙwaro yake, sai dai maharbi yana yi don ya kashe, shi kuwa don kada a kashe shi. A 2010 wasu masana a Birtaniya suka jarraba wannan da 'yan tsaki da wata tsutsa mai kama da tsinke. 'Yan tsakin da suka riga suka saba da tsinke, suka san ba abinci ba ne, sun daɗe kafin su tsattsagi tsutsar, ko da yake an ajiye ta a fili ba abin da ya kare ta. Waɗanda ba su taɓa ganin tsinke ba kuwa ba su ɓata lokaci ba. Watau idon maƙiyi yana gani, saninsa ne ke yaudararsa.

Masana sun bayyana sababin wannan kama da cewa tsuntsaye sun daɗe suna tsince waɗanda suka fi fitowa fili, waɗanda suka fi kama da ganye su ke saura su hayayyafa, har kamar ta yi ta ƙaruwa zuriya bayan zuriya. Musulmi ya san sababi, ya kuma san Mai sabbabawa, binciken yadda abu ke gudana kuwa ƙara masa tafakkuri yake yi.

NA INDIYA DA NA KURMI

Wanda ya ga hoton malam-buɗe-littafi mai kama da ganye a wayar hannu, galibi na Asiya ya gani, wanda ake kira Kallima. Shi ne sarkin wannan sana'a. In ya rufe fikafikai har da jijiyar tsakiyar ganye da ƙananan jijiyoyi da tabon ruɓa, wutsiyarsa kuma ta taɓa reshe ta zama kamar mariƙin ganye. In ya buɗe kuwa sai ka ga shuɗi mai ƙyalli da faffaɗan ratsin ruwan lemo. Baturen nan Alfred Russel Wallace ya gamu da shi a tsibirin Sumatara, ya ba da labarin yadda ya riƙa ɓace masa a gaban idonsa cikin littafinsa na 1869, daga nan sunansa ya game duniya. Ba a samun Kallima a ƙasar Hausa. A kurmin kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru akwai wani mai irin wannan shiga, Kallimoides rumia, amma shi ɗan duhuwar kurmi ne. Saboda haka wanda ke tashi daga gindin mangwaro a Mahuta da Bakori da Kafur da yamma, mai ruwan ƙasa ciki da waje, Melanitis ne, kada a ba shi sunan wani.

DAGA ƘWAI ZUWA FIFFIKE

Macen takan saka ƙwai ƙanana, zagayayyu, fari-fari, ɗaya ɗaya ko 'yan kaɗan a jere, a ƙarƙashin ganyen ciyawa. Dangin ciyawa kaɗai tsutsar ke ci: tofa, gamba, tuji, kiri-kiri, da kuma shinkafa da dawa da rake, waɗanda su ma dangin ciyawa ne. Cikin kwana huɗu ko biyar ƙwan ya fashe. Tsutsar koriya ce mai siraran ratsi a tsawonta, kanta yana da ƙaho biyu masu gashi, wutsiyarta ta rabu biyu. Ƙahon nan ba ya harbi, ba shi da dafi. Takan yi kamar mako uku tana ci tana saɓa, har ta kusa kai tsawon ɗan yatsa. Sa'an nan ta rataye kanta da wutsiya a ƙarƙashin ganye, ta zama wani koren ƙunshi mai santsi, ba ci ba motsi. Bayan mako guda ko kwana goma ƙunshin ya tsage, mai fikafikai ya fito. Duka-duka wata guda ne ko da 'yan kwanaki, don haka damina ɗaya takan ga zuriya fiye da ɗaya.

Babban ba ya cin ganye, ba shi da haƙori ma. Bakinsa siririn bututu ne da yake naɗewa, da shi yake tsotsar ruwan 'ya'yan itacen da suka faɗo suka ruɓe da ruwan da ke tsatsowa daga jikin itace. Ƙurar da ke manne wa yatsa in an kama shi ƙananan ɓawo ne da aka jera bisa fiffike kamar ɓawon kifi, su ne ke ɗauke da launin duka, in sun goge ba su sake tsirowa.

BATUN FESHI

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta shafi aljihu. Tun da shirin aikin gona na Funtua ya kankama da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, masara ta zama babbar dukiyar wannan yanki, ba mamaki ke nan in manomi ya firgita da jin sunan tsutsar masara. Baƙuwar tsutsar nan daga nahiyar Amurka ta fito, an fara ganinta a Nijeriya a farkon 2016, ta kuwa yi ɓarna mai yawa a Afirka. Amma ba ta kama da tamu ko kaɗan. Ita launinta ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka in ta girma, ba ta da ƙaho. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y na boko an kifa shi, kusa da wutsiyarta kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i. Takan shige can tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta huda ganyen, ta bar kashi kamar garin katako. Uwarta ƙwaron dare ce mai zuba ƙwai ɗari ko fiye a dunƙule wuri guda.

Koriyar mai ƙaho kuwa gefen ganye take ci, ba ta shiga kara, ba ta taɓa zangarniya. Masana aikin gona sun lissafta ta cikin ƙananan maɓarnatan shinkafa, waɗanda ba safai suke yawan da zai rage amfani ba, domin shinkafa mai ƙarfi takan mayar da ɗan ganyen da aka ci. Tana kuma da masu rage ta ba da ko kwabo ba: tsuntsaye, gizo-gizo, zanzaro mai ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka, da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saka ƙwansu cikin nata. In kaɗan ce a tsince da hannu ya wadatar. In ta yi yawan da ya ba da tsoro, a ɗauki guda a kwalba a kai wa malamin gona ya gani tukuna. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ma ba ta da nisa da mu.

Saboda haka, Malam, feshin nan bai zama dole ba. An kashe kuɗi, an kashe ƙwarin da ke taimakon gona tare da ƙudan zuma, an kuma zuba dafi a fadamar da mutane da dabbobi ke shan ruwanta. Shari'a ta hana almubazzaranci, kuma malamai sun yi bayani cewa abin da ke cutarwa ana kawar da shi gwargwadon cutarsa, abin da ba ya cutarwa kuwa ba a kashe shi don wasa. Ga 'yan'uwa 'yan kasuwa masu sayar da maganin ƙwari kuma, nasiha ce: manomin da ya zo rumfarka amana ya kawo maka, domin ya ɗauka ka fi shi sani. In ba ka ga tsutsar ba, ka ce ya kawo ta. In ka gani ba ka gane ta ba, faɗin haka ya fi cinikin kwalba ɗaya albarka. Wanda ya sani kuma ya ɓoye don kaya su fita, wannan algus ne, ko da maganin na ƙwarai ne.

Haka nan batun cinna wa daji wuta da rani don farautar gafiya. Busassun ganyayen da ke gindin itatuwa su ne mafakar wannan halitta da wasu da dama har ruwa ya sauka, su ne kuma takin da ƙasa ke jira. Ashana ɗaya takan cinye duka cikin sa'a guda, wani lokaci har da amfanin maƙwabci da bai kwashe ba.

Wanda ke son ya gani da idonsa, tun da gani ya kori ji, ya sami ruɓaɓɓiyar ayaba ko gwaiba ya ajiye a gindin itace mai inuwa bayan la'asar, ya koma gefe ya zauna shiru da 'ya'yansa. Kafin a kira magariba, in akwai shi a wurin, zai zo. Kada a kama shi, hoto da waya ya isa. A ɗauki ɗaya a watan Agusta, a ɗauki wani a Disamba, a jera su a nuna wa yara, a tambaye su ko iri ɗaya ne. Yaron da ya koyi duba alama kafin ya ba abu suna, zai yi haka a gona, ya yi a kasuwa, ya yi a ofis.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwancinmu, Ya kiyashe mu daga ɓarna a bayan ƙasa.